Gyaran esin mota a gida: inda waya ke taimako da inda take jefa mutum cikin asara

Da zarar hunturu ya janye, zafin watan Maris da Afrilu ya kankama, sai bidiyon gyaran esin mota ya cika TikTok da YouTube. Salon kusan ɗaya ne: Bature ya ɗaga bonet, ya maƙala wani ɗan gwangwanin gas a jikin bututu, ya danna na minti biyu, sanyi ya dawo. Matashin da ke kallo a Saminaka ta yankin Birnin Gwari, ga tsohuwar Golf ko Corolla ta gidansu tana hura iska mai zafi, ba za a ga laifinsa ba in ya ji shi ma zai iya.

Rabin abin da yake ji gaskiya ne. Akwai matsalolin esi da dama da mai waya da ɗan haƙuri zai gano kuma ya gyara a ƙofar gida, kuma ya kamata ya koya. Sai dai abin da bidiyoyin suka fi tallatawa, wato zuba gas, shi ne daidai wanda ya kamata ya bari. Iyakar a fili take: abin da ke wajen bututun gas na mai mota ne, abin da ke cikin bututun kuwa na mai kayan aiki ne.

Me ya sa maganar ta fi damun mutanen Birnin Gwari

Mai mota a cikin garin Kaduna yana da Panteka kusa da shi. Na Kano yana da Ƙofar Ruwa. Daga Birnin Gwari zuwa Kaduna kuwa tafiyar sama da kilomita 100 ce, ta Udawa da Buruku, a kan hanyar da ta shafe shekaru tana cikin mafi haɗari a Arewa saboda 'yan bindigar da ke dajin. An samu sauƙi tun bayan sulhun ƙarshen 2024, har kasuwar shanu ta sake buɗewa, amma har yanzu ba tafiya ba ce da mutum zai yi don kawai a duba masa fis. Ga kuma kuɗin fetur, wanda ya ninka tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayu 2023.

Esi a irin wannan hanya ya wuce ƙawa. Duk wanda ya taɓa ɗauko mara lafiya ko mai jego da jaririnta zuwa asibiti a Kaduna da tsakar ranar bazara, gilashi a buɗe, ƙura na shigowa, ya san amfaninsa. Don haka sha'awar gyarawa a gida tana da hujja. Tambayar ita ce wane gyara.

Yadda esi yake aiki

Esi ba ya ƙera sanyi, zafi yake kwashewa daga cikin mota ya zubar a waje. Gas ɗin da ke cikinsa zagaye yake yi a bututu rufaffe. Kwamfuresa, wadda bel ɗin inji ke juyawa, takan matse gas har ya yi zafi sosai. Daga nan ya wuce kondansa, wato abin nan mai kama da lagireto da ke gaban mota, inda iska da fanka ke huce shi ya zama ruwa. Ruwan ya bi ta wani bawul mai ƙaramar ƙofa, matsinsa ya faɗi nan take, ya shiga ibaforeta da ke ɓoye a bayan dashbod yana komawa gas, yana zuƙe zafin iskar da fankar ciki ke turawa. Iskar ta fito da sanyi, gas ya koma kwamfuresa, zagayen ya ci gaba.

Abin lura a nan shi ne babu inda ake ƙona gas ɗin. Fetur yana ƙarewa saboda inji na cinye shi. Gas ɗin esi in ya ragu, fita ya yi. Tsohuwar roba takan yi ɗan tsiyaya a hankali cikin shekaru, wannan sananne ne. Amma motar da ake zuba wa gas duk bazara, ko duk bayan wata biyu, yoyo take yi. Zuba mata gas kamar mai wayar da wata manhaja ke cinye masa data a ɓoye ne, maimakon ya nemo manhajar ya rufe ta, sai ya riƙa sayen sabuwar data kullum. Masu rubuta manhaja suna da ƙa'ida: ba a taɓa gyara sai an gano inda matsalar take. Ƙa'idar ta hau kan mota daidai.

Abin da ya dace a yi a gida

Binciken yana da tsari, daga mafi sauƙi zuwa mafi wuya.

Na farko, ƙarfin iska. In iska na fitowa a raunane ko da an kai fanka ƙarshe, sau da yawa filtar iskar ciki ce ta toshe. A yawancin Corolla da Camry na bayan 2003 tana bayan akwatin ajiya da ke gaban fasinja, kuma ana cire ta ba tare da sufana ba. Ƙurar hunturu ɗaya a hanyar da ba kwalta ta isa ta cika ta. In fanka ba ta aiki sai a mataki na ƙarshe kaɗai, yawanci wani ɗan abu mai rage ƙarfin wuta da ke kusa da fankar ne ya ƙone, kuma wannan aikin rewaya ne, babu ruwansa da gas.

Na biyu, kwamfuresa. In an tayar da mota aka danna maɓallin esi, a yawancin tsofaffin motoci za a ji ƙas, tsakiyar fulin kwamfuresa ya fara juyawa. In bai juya ba, a duba fis da rile. Murfin akwatin fis yana da zanen da ke nuna wurin kowanne. Fis da ya ƙone a maye shi da mai lamba iri ɗaya, kada a ɗaura waya a madadinsa. Rile kuma ana iya gwada shi ta hanyar musanya shi da wani mai lamba ɗaya a cikin akwatin, kamar na hon. Wasu sababbin motoci ba su da wannan kulocin, don haka rashin jin ƙas ɗin a cikinsu ba alamar komai ba ce.

Na uku, motar da ke sanyi a kan titi amma ta daina in ta tsaya. Wannan yakan nuna zafi ba ya fita daga kondansa: ko fankar gaba ta mutu, ko ƙura da ƙwari da ganye sun toshe ta. Ana wanke ta da ruwa a hankali, inji a kashe kuma ya huce, ba da ƙarfin da zai lanƙwasa siraran fukafukanta ba. A kiyaye hannu, domin fankar wasu motoci takan tashi da kanta ko da an zare makulli.

Na huɗu, neman yoyo da ido. Gas yana yawo tare da mai, don haka inda yake fita yakan bar maiƙo, ƙura kuma ta manne a wurin ta yi baƙi. A haska fitilar waya a mahaɗar bututai, da jikin kwamfuresa, da kusurwoyin kondansa. Ruwan sabulu irin na mai faci yakan nuna kumfa a babban yoyo. A ɗauki hoto. Wannan hoton ya fi duk wani dogon bayani amfani a gareji.

Na biyar, ruwa a ƙasan kujerar gaba ko warin danshi. Robar da ke zubar da ruwan ibaforeta ce ta toshe, ana buɗe ta daga ƙarƙashin mota. Ƙaramin ma'aunin zafi da aka sa a bakin iska kuma yana raba gardama: lafiyayyen esi, in an danna maɓallin da ke juya iskar ciki, yakan sauko kusa da digiri 10 ko ƙasa da haka.

Duk waɗannan ba su buƙatar buɗe bututu, kuma ko sun gaza, asarar ba ta wuce kuɗin fis ko filta ba.

Dalilin barin gas ga masu kayan aiki

Dalili na farko shi ne awo. A ƙarƙashin bonet akwai takarda manne da ke nuna irin gas ɗin motar da nauyinsa, wanda a ƙananan motoci yakan kama daga giram 400 zuwa 800. Nauyi aka rubuta, domin geji ba ya faɗin yawan gas. Muddin akwai sauran ruwan gas a bututu kuma inji na kashe, matsin da geji zai nuna zafin gari ne ke tsara shi: R134a a digiri 35 yana nuna kusan psi 114, ko ya cika ko saura kaɗan. Masu sayar da gas ɗin girki sun san wannan, shi ya sa suke ɗora tukunya a sikeli. Ɗan gwangwanin bidiyo yana da geji ɗaya tak, na ɓangaren ƙaramin matsi. Ba ya ganin ɗaya ɓangaren, inda matsi ke haura psi 200 a ranar zafi. In gas ya yi yawa, sanyi raguwa yake yi, kwamfuresa ta wahala, wani lokaci ruwan gas ya koma cikinta ya lalata ta. Garin neman gira sai a rasa ido.

Na biyu, danshi. Bututun da ya yi yoyo har gas ya ƙare, iska da danshi sun shiga. Danshin yakan daskare a bakin bawul ya toshe hanya, ya kuma haɗu da man kwamfuresa ya riƙa cin ƙarfe daga ciki. Maganinsa injin zuƙe iska, wanda ake bari ya yi aiki kamar minti 30, sannan a rufe a ga ko allurar geji za ta motsa. In ta motsa, yoyon na nan. Babu wata manhaja da za ta yi wannan aikin.

Na uku, irin gas. Har zuwa farkon shekarun 1990 motoci R12 suke amfani da shi, kafin Yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta kawar da shi saboda illarsa ga rufin sararin samaniya da ke tare hasken rana mai cutarwa. R134a ya maye gurbinsa, kuma shi ne a mafi yawan motocin Beljiyam da ke hanyoyin Arewa. Tun 1 ga Janairu 2017 kuma Tarayyar Turai ta hana sa shi a sababbin motoci, yawancinsu suka koma R1234yf, wanda bakin zubawarsa daban ne kuma yana iya kama wuta. Motocin wannan zamanin sun fara shigowa. Ban da su, a kasuwa akwai R22 na esin ɗaki, wanda matsinsa ya fi na R134a da fiye da rabi, akwai kuma R600a na firiji, wanda dangin gas ɗin girki ne. Zuba na farko yana fasa roba, na biyun kuma in ya yi yoyo a cikin mota rufaffiya, tartsatsi ɗaya ya isa.

Jabu ma yana nan. A 2011 wasu kwantenonin sanyi na jiragen ruwa sun fashe a Biyetnam da Birazil, ma'aikata uku suka rasu. Bincike ya nuna an zuba musu gas ɗin jabu mai ɗauke da R40 da sunan R134a, kuma R40 in ya haɗu da alminiyam yana haifar da sinadarin da ke kama wuta da kansa. Bututun esin mota da kondansa da ibaforeta, yawancinsu alminiyam ne. In kamfanonin jiragen ruwa masu injiniyoyi sun faɗa wannan tarko, mai sayen gwangwani mai araha a bakin hanya ba shi da hanyar tantancewa da ido.

Na huɗu, jiki. R134a yana tafasa a digiri 26 ƙasa da sifiri. In ya fesu a fata yana ƙona ta da sanyi, in ya shiga ido yana iya makantarwa. In ya taɓa harshen wuta yana rikiɗewa zuwa hayaƙi mai guba, don haka walda a bututun da ba a kwashe gas ba ganganci ne. Motocin da ke haɗa fetur da batir, irin su Prius, nasu ya fi tsanani: kwamfuresar da yawa daga cikinsu da wuta mai ƙarfin sama da bolt 200 take aiki, kuma manta daban ne, wanda ba ya ɗaukar lantarki.

Akwai kuma dabarar da ke yawo a bidiyo, ta haɗa waya a tsallake makunnin matsi don tilasta wa kwamfuresa ta juya. Makunnin nan shi ke kashe ta in gas ya yi ƙasa, domin in babu gas, mai ba ya zagayawa. Tsallake shi kamar cire fitilar gargaɗin man inji ne don ta dame mutum. Kwamfuresar da ta ci kanta takan watsa ɓarɓashin ƙarfe cikin dukkan bututun, gyaran da zai tsaya a kan 'yar robar mahaɗa ya koma sayen rabin esi.

OBD da manhajojin hira

Motocin da aka sayar a Amurka tun 1996 suna da soket ɗin OBD-II a ƙarƙashin sitiyari, na Turai suka biyo baya a farkon shekarun 2000. Ƙaramar na'urar ELM327 mai Bluetooth, tare da manhaja irin su Torque, tana karanta bayanan inji a waya. Tana da amfani ko a nan: wasu motocin sukan kashe esi da kansu in inji ya yi zafi fiye da kima, kuma na'urar za ta nuna zafin. Amma masu arahar cikinsu yawanci kwamfutar inji kaɗai suke gani. In manhaja ta ce babu matsala, nufinta babu matsala a inda ta iya leƙawa.

ChatGPT da Gemini da Meta AI na cikin WhatsApp suna da kyau wajen fassara lambar matsala ko bayyana aikin wani sashe. Amma ba su ga motar ba, kuma sukan faɗi adadi da cikakken ƙarfin hali ko da sun kuskure. In amsarsu ta saɓa da takardar da ke ƙarƙashin bonet, takardar ce mai gaskiya. Mutanen Birnin Gwari kuma ba su manta yadda aka rufe layukan waya a yankin ba daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Nuwamba 2021. Littafin mota da zanen akwatin fis gara a sauke su a waya tun akwai sabis.

Masu ja da wannan ra'ayi

Wani zai ce ai shi ma mai gyaran bakin hanya da ido yake zubawa, babu sikeli, babu injin zuƙe iska, me ya sa za a biya shi? Ƙorafin yana da tushe. Akwai masu sakin tsohon gas a iska, su zuba sabo suna taɓa bututu da hannu har su ji ya yi sanyi. Akwai masu gwada yoyo da iskar masu walda, alhali ita da mai in sun haɗu a matse fashewa suke yi, naitirojin ya kamata a sa. Amma gyaran gangar Auzinawa a gareji ba ya zama hujjar maimaita shi a gida. Abin da yake nunawa shi ne mai mota ya san abin da zai tambaya.

Wani kuma zai ce kada a taɓa komai, a kai wa masu shi. Wannan ma ya wuce gona da iri. A Amurka, jihar Masacusets ta yi doka a 2012 da ta tilasta wa kamfanonin mota su buɗe bayanan gyara ga masu motoci da ƙananan gareji, domin wanda ya sayi abu yana da haƙƙin sanin cikinsa. Matashin da ke canja gilashin kariya, yana goge bakin caja, yana sake ɗora manhajar waya da kansa, bai yi laifi ba. Amma in batir ya kumbura ko allon ciki ya ƙone, ya san hanyar masu gyara irin na Farm Centre a Kano. Hankalin da yake amfani da shi a waya shi ake so ya kai kan mota.

Sai maganar iska da kowa ke shaƙa. Kilo ɗaya na R134a yana ɗumama duniya kamar kilo 1,430 na hayaƙin kabon. Sakin giram 500 daidai yake da ƙona kimanin lita 300 na fetur. Najeriya ta amince da gyaran Kigali na 2016, wanda ya tsara rage amfani da irin wannan gas daga 2029. Abin da ake ragewa ba ya yin araha, don haka mai zuba gas a bututu mai yoyo zai ƙara jin jiki nan gaba.

Tambayoyi biyar da kuma wata sana'a

Mai motar da ya gama binciken gida ya tabbatar matsalar a cikin bututu take, ya tafi gareji da hotunansa da tambayoyi biyar: ina yoyon yake, a nuna shi, za a zuƙe iska kafin a zuba, da sikeli za a auna, wane gas ne kuma a ga tukunyarsa, wane mai za a ƙara. In kwamfuresa za a canja, ya nemi a wanke bututun a kuma canja diraya, wato ɗan tulun da ke tsotse danshi. Gwanin gaske ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. Wanda ya ce duk wannan ɓata lokaci ne ya riga ya faɗi irin aikinsa.

Akwai kuma dama a cikin wannan giɓi. Abin da ya raba mai zuba gas da mai gyaran esi bai wuce geji mai baki biyu, injin zuƙe iska, sikeli, na'urar gano yoyo, tabarau da safar hannu ba, sai janareta ko sola, sai kuma zaman koyo a gaban gwani a wuri irin Panteka. Matashin Saminaka ko na cikin garin Birnin Gwari da ya haɗa waɗannan da iya bincike a waya, zai tare motocin da ke tafiya Kaduna ko Funtuwa neman sanyi, kuma masu firiji da masu sayar da ƙanƙara ma za su neme shi. Masu yin bidiyo da Hausa su ma suna da aiki a gabansu: bidiyon da ke nuna inda filta take a Corolla, ko yadda ake gane rile da ya mutu, zai fi amfanar mutane a kan kwaikwayon gwangwanin Bature.

Kafin bazara ta shigo, aikin mai mota kaɗan ne: ya buɗe bonet, ya ɗauki hoton takardar gas, ya duba filta, ya wanke kondansa, ya riƙa kunna esi na 'yan mintuna ko a lokacin sanyi don mai ya zagaya robobi kada su bushe. In bayan wannan iska ta ci gaba da fitowa da zafi, kuɗin gwangwani gara a tara su a kai wa mai sikeli.